Littafin Gyaran Jar Motar Kausani

Cikin duk abin da idona ya gani a aikin kanikanci, ban taɓa mantawa da ranar da aka yaye karan dawa daga kan motar Baba Mudi a Kausani ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da ita a rumfar baya tana sheƙi, ba ku san yadda aka yi ta iso nan ba. To, kafin sifana ta taɓa jikinta sai da muka sha kai-kawo a kan littafi, kuma labarin littafin nan nake so ku ji.

A lokacin ni ne foman na garejin koyarwa a makarantar nan. Ga wanda bai san tsarin ba, foman shi ne tsani tsakanin malaman aji da masu aikin hannu. Shi ke raba aiki da safe, shi ke riƙe makullin ɗakin kayan aiki, kuma in abu ya lalace shi ake fara kira. A samana akwai shugaban sashe, Injiniya Bulus, mutumin Kaltungo, mai sanyin magana amma in ya kafa doka ba ta tashi.

Wata safiya cikin bazara, Habu direban bas ɗin makaranta ya same ni ina duba birkin wata a-kori-kura. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali da zafi, sai ya ce, "Malam Sabo, akwai wata tsohuwar mota a gidanmu, ta Baba. Yayana Lawan zai kafa turken shanun kiwo a wurin da take kafin ruwa ya sauka, har ya yi magana da ƴan gwangwan. Baba ya ce in akwai mai iya tashinta ya ba shi kyauta, in babu to a sare ta, ya gaji da gardama."

Na ce, "Wace iri ce?"

Ya ce, "Ni dai tun da na yi wayo ban ga irinta a titi ba."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Da aka tashi daga aiki na hau babur na bi shi.

Baba Mudi na zaune a zaure bisa buzu, tsoho ne dogo, ganinsa ya yi rauni amma muryarsa garau. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi asalina, ya gano ya san kawuna a Darki, sannan ya ce a kai ni in gan ta. A bayan rumbu take, an jibga mata kara. Da Habu ya fara janye karan sai wata kaza ta tashi fir daga kujerar direba, ta bar ƙwai.

Na zagaya ta ina ƙare mata kallo. Gajeriyar mota ce, kusan cikinta a ƙasa, dogon bonet, kujera biyu kacal, babu rufi sai ƙarafan da ake ɗaura wa tamfol. Jan fentinta ya koɗe ya koma kalar ƙasa. Ƙafafunta da siraran ƙarafa kamar na keke. Na buɗe bonet na ga kafireta, wato mai haɗa mai da iska, har biyu a jere, abin da ban taɓa kwancewa ba duk daɗewata a sana'a. Na nemi batir a gaba na rasa, ashe wurinsa a bayan kujeru yake, kuma gurbi biyu ne. Na kama fanka na murɗa a hankali, sai na ji injin ya juya. Na waiwayo na dubi Habu.

Ya ce, "Duk shekara in an gama girbi sai Baba ya sa a cire filogi a ɗiga mata baƙin mai. Mu dariya muke yi."

Washegari na shiga ofishin Injiniya Bulus na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, na ga idonsa ya kawo haske, amma sai ya ce, "Malam Sabo, ina so ta zo, ɗalibai za su ƙaru. Sai dai ka san dokata. Injin da ba mu san shi ba, ba a kwance ko noti ɗaya sai da littafin gyaransa a kan benci. Kamfanin da ya ƙera motar nan ya daɗe da rufewa. In muka karya wani abu da kintace, babu shagon da za mu je a Kano."

Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Yadda ake sayen littafi a wurinmu shi ne, foman ya rubuta buƙata, shugaban sashe ya sa hannu, sai a kai laburare. Su ke yin oda daga waje, sau ɗaya a zango, kowane sashe da kasonsa. Mu kuwa a wannan zangon gurbin littafi ɗaya ya rage mana. Mai kula da odar ita ce Malama Rifkatu, ƴar Zonkwa, mace mai son bin diddigi. Na kai mata takarda ina tsammanin ta buga hatimi in tafi. Sai ta ce in zauna, ta juyo da kwamfutarta ta fuskance ni.

Ta ce, "Foman, motar taka littafi uku gare ta. Wanne kake so?"

Ta nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Na farko na kamfanin ne da kansa, wanda aka rubuta wa kanikawansu, mai kauri, zane ne zalla babu hoto, kuma ƙirar farko kaɗai ya ƙunsa. Na biyu an yi shi ne don masu gyara motarsu a gida ranar hutu, cike da hotuna, ya ce ya haɗa dukkan shekaru. Na uku kuwa na ƙirar da aka riƙa kaiwa Amurka ne, mai sitiyari a hagu.

Na ce, "Sitiyarinta a hagu yake, Malama. Kamar na ukun nan ne."

Ta buɗe ƴan shafukan da masu sayarwa ke bari a gani kyauta. Muka ƙura wa hoton ido. Motar ce, amma kamar ka ga mutum da ƙanensa. Ta hoton tana da ƙananan fitilu a gefe, ta Kausani babu. Agogunan gaban direba ma ba haka na gan su ba. Na gaya mata.

Ta ce, "Lambar jikin motar fa? Da ita ake raba gardama."

Na ce, "Na duba farantin, tsatsa ta cinye shi. Na wanke da kananzir, na goga alli, haruffa biyu na farko kawai suka fito."

Ta riƙa kaɗa biro. Can ta ce, "Mai motar yana da rai, ko? To me ya hana mu tambaye shi? Ni ma wallahi ina so in ga wannan mota da idona."

Ranar Asabar muka tafi. Ta ɗauki hotunan shafukan a wayarta, ta yafa babban gyale, ta tsaya a hanya ta sayi goro. Da muka isa ta durƙusa ta gaida Baba Mudi, ya yi ta sa mata albarka, ya ce a kawo mata kujera da fura. Ni kuwa na zarce wurin motar da tocila, na kwanta a ƙasa na leƙa wajen ƙafar fasinja. Na kankare ƙasa da kashin kaji, sai ga wasu ramuka an toshe su da faci, an bi da walda. A daidai inda sandar sitiyari da fedoji za su ratsa suke, amma a ɓangaren dama. Na taso da sauri na dawo zaure.

Na ce, "Baba, motar nan an taɓa canza mata hannu?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai ne na farko da ya gane. A dama sitiyarinta ya zo."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ashe a ƙuruciyarsa direban wani likita ne a Kano, ɗan ƙasa, wanda ya yi karatu a Ingila ya dawo da motar a jirgin ruwa. Likita ke tuƙa ta da kansa ranar hutu, Baba Mudi kuma ke wanke ta, ya kai ta gyara, wani lokaci ya kai saƙo da ita. Da aka sauya hannun tuƙi a ƙasar nan aka koma bin dama, likita ya aika aka kawo kaya, wani gareji a Sabon Gari ya mayar da sitiyarin hagu. Da likita ya tsufa zai koma garinsu, ya ce ba ta da amfani a hanyar ƙauyensu, ya miƙa wa Baba makulli.

Malama Rifkatu ta dube ni ta ce, "Foman, na uku ya fita ke nan." Ta ciro wayarta. "Baba, ka yi mini haƙuri, zan yi maka tambayoyi kamar ƴar jarida."

Ya ce, "Yi ta yi, ƴata. Rabon da wani ya tambaye ni motar nan ba don ya saye ta a kilo ba, na manta."

Ita ke karanta bambancin ƙirar farko da ta baya daga shafukan, ni in juya maganar ta koma yaren direba, Baba ya amsa. Yaya ake buɗe ƙofa daga waje, ja ake yi ko dannawa? Ya ce ja. Giya lamba ɗaya tana shiga in mota na tafiya? Ya kaɗa kai ya ce, "Haba! Sai kin tsaya cak, in ba haka ba ta yi miki ƙara kamar ana niƙan tsakuwa." Duka amsoshin nan na ƙirar farko ne. Saura tambaya ɗaya, wadda ta fi damuna, wato batun wuta.

Bari in yi wa sababbi bayani. A motocin yanzu, baƙin kan batir ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, jan kai ya tafi wajen wayoyi. Wasu tsofaffin motocin Ingila kuwa a juye suke, jan kai ne a jikin ƙarfe. Irin wannan motar an yi ta da tsari na farko, daga baya aka koma na biyu. In ka bi zanen da ba nata ba ka haɗa batir, sai dai ka ji ƙauri. Igiyoyin batir ɗin motar Baba kuwa an daɗe da cire su an yi wani amfani da su, babu abin da za su gaya mini.

Na tambaye shi wane kai ake ɗaurawa a ƙarfe. Ya ce shi bai taɓa lura ba, ba aikinsa ba ne.  Sai Malama ta ce, "Baba, an taɓa sa mata wani abin wuta ya ƙi yi? Fitila, ko rediyo?"

Ya buga cinya. "Rediyo! Likita ya sayo sabuwa dal, aka haɗa, muna kunnawa sai hayaƙi. Mai gyaran waya ya zo ya duba ya ce, wannan motar wutarta a juye take, sai an nemo rediyo irin tata. Likita ya yi kwana biyu bai yi wa kowa dariya ba."

Na dubi Malama, ta dube ni. Ban san lokacin da na yi tafi ba.

A hanyar dawowa muka ɗan yi gardama, domin saura littafi biyu, kuma duka suna iya yi. Ita ta fi karkata ga mai hotuna. Ta ce, "Ɗalibanka fa? Yaron da bai taɓa ganin kafireta biyu ba, hoto zai fi gane wa. Kuma na kamfanin nan, na ga duk shafi sai ya ce a ɗauko wani kayan aiki na musamman mai lamba. Kuna da su?"

Na ce ba mu da ko ɗaya, amma in akwai zanensu za mu iya ƙera wasu a injin gurza ƙarfe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, littafin da ya ce ya haɗa dukkan shekaru, wace shekara ya fi mayar da hankali a kai? Ta ce wannan tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Ta rubuta wa masu sayar da littattafan biyu, ta roƙi kowanne ya ɗauko mata hoton shafin zanen wayoyi. Da amsa ta zo ta kira ni. Mai hotunan ya cusa zanen ƙirar farko a rabin shafi, ƙanana, launin wayoyi ba ya karantuwa. Na kamfanin kuwa shafi guda ne mai naɗewa, kowace waya da sunan launinta, ga jan kan batir a jikin ƙarfe ɓaro-ɓaro.

Ta ce, "Ka ci wannan. Amma zango mai zuwa zan sa mai hotunan a layi, ko ka so ko ka ƙi."

Injiniya Bulus ya karanta buƙatar, ya ɗago ya ce, "Ka tabbata? In ya zo bai dace ba, babu wani sai zango na gaba, kuma motar ba za ta jira ba." Na ce na tabbata iyakar yadda ɗan Adam ke tabbata. Ya sa hannu.

Sai jira. Littafin tsoho ne, na hannu, daga wani shago a ƙasar waje zai taso. Zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Wata Juma'a da safe Habu ya kira ni a waya, ya ce ƴan gwangwan sun iso da guduma da tukunyar gas. Lawan ba mugu ba ne. Ya riga ya sayi bijimai biyu a kasuwar shanu, ba shi da inda zai ɗaure su, kuma ya ga mun yi shiru ya ɗauka mun fasa.

Na ruga ofishin Injiniya. Na ce, "Ranka ya daɗe, littafi bai zo ba, ga masu sara sun zo."

Ya cire tabarau ya ce, "Malam Sabo, cewa na yi kada a kwance ta. Na ce kada a ɗauko ta?" Ya ɗaga waya ya kira sashen noma, suka ba mu aron tarakta da tirela.

Mun tarar har an jingine tukunyar gas a jikin rumbu. Na ba Lawan haƙuri a kan shirun da muka yi, shi ma ya ba masu gwangwan haƙuri, ya haɗa su da wata tsohuwar garma da buhun ƙarafa don kada su koma hannu rabbana. Abin mamaki, su suka taya mu ɗaga ta, domin tayoyin sun ruɓe ba ta gungurawa. Babbansu ya shafa bonet ɗin ya ce, "Ƙarfen da ke nan. Ni ma da na sare ta da ban ji daɗi ba." Muka ratso Wudil ranar kasuwa, tarakta na tafiya a hankali tsakanin shanu da motocin hatsi, jama'a na leƙe. Wani ya ce jirgin ruwa ne, wata mai tallan nono ta ce motar aljanu ce. Da daddare ruwan farko ya sauka.

Littafin ya iso bayan an yi shuka. Malama Rifkatu da kanta ta kawo shi gareji, ba ta aiko masinja ba. Bangonsa ya sha jiki, gefen shafukan duk shatin yatsu na baƙin mai, alamar wani bakanike a wata ƙasa ya ci abinci da shi. Na buɗe shafin injin na ajiye kusa da motar, na bi da yatsa. Komai na wurinsa. Sai a lokacin na saki numfashi.

Damina guda muka yi a kanta, ni da ma'aikata da ƴan ajin ƙarshe. Mun wanke tanki, mun sake wayoyi bisa zanen, mun yanka gaskit da hannu, mun ƙera kayan aiki biyu daga zanen littafin. Wajen daidaita kafireta biyun nan na zaci zan ga sunan wata na'ura, sai littafin ya ce a sami ƴar robar tiyo, a sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kowace kafireta, a yi ta juya sukuru har shaƙar iskarsu ta zama murya ɗaya. Na yi dariya ni kaɗai. Ashe su ma can da kunne suke aiki.

Ranar da ta tashi, Habu ya ɗauko Baba Mudi a bas. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, sannan ta kama da wata murya mai kauri da ta cika rumfar. Ɗalibai suka yi sowa. Birki bai samu ba tukuna, don haka ba ta fita ko ƙofar gareji ba. Baba ya dafa ƙofarta ya tsaya yana saurare. Da aka kashe sai ya ce, "Ina littafin da aka yi ta wahala a kansa? Ku ba ni in taɓa."

Malama Rifkatu, da ita ma ta zo kallo, ta miƙa masa. Bai yi boko ba, ga ido ya yi rauni, sai ya kawo shafin dab da fuskarsa. Ya faɗa kan zanen da aka warware injin gaba ɗaya, kowane ƙarfe a ware da ɗan'uwansa. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Malam Sabo, wannan cikinta ne?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya ce, "Ikon Allah. Na wanke ta, na tuƙa ta, na yi gadinta har na tsufa, ban taɓa sanin haka cikinta yake ba. Wannan mai kama da ludayin fa, me yake yi?"

Aka kawo masa benci. Na ciro tsohon fiston daga ɗakin kaya na sa masa a hannu, na nuna masa a zane, na nuna masa inda yake zama a injin. Ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, in na ba shi amsa ya ce, "To shi kuma me ke tura shi?" Har aka kira la'asar bai gaji ba. Habu ya ce su tafi, Baba ya ce masa, "Dakata, ban gane yadda mai ke hawa sama ba tukuna."

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, littafin gyara ba a zaɓensa da kauri ko da kyan hoto, kuma sunan mota kaɗai ba ya isa. Tsohuwar mota ta bi ta hannun mutane, kowa ya bar mata alama, wani ya canza mata abu bai rubuta a ko'ina ba. Sai ka kwanta a ƙarƙashinta ka duba, ka zauna da wanda ya zauna da ita ka yi tambaya, in tambayar ba ta ci ba ka sake ta ta wata hanya, yadda Malama Rifkatu ta yi. Sannan ka san littafin da za ka aika a kawo. Kuma duk wanda ya shigo garejin nan yana tambayar me wannan ke yi, ɗalibi ne ko tsoho mai sanda, ku ajiye sifana ku ba shi benci. Da irin wannan tambayar kowannenmu ya shigo sana'ar.